Isawa: Malamin da Aka Tsire a Kano

A Sabon Garin Kano da na Zariya, baƙi daga kudu ne suka fara cika coci. Bayan cin Sakkwato a 1903, Gwamna Lugga ya yi alkawarin ba zai taɓa addinin jama'a ba, aka kuwa taƙaita aikin 'yan mishan a ƙasashen sarakuna. Shi ya sa ake ɗauka bin Almasihu a ƙasar Hausa kayan baƙi ne. Labarin Isawa ya girmi wannan zato.

Malam Ibrahim malami ne a Kano zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, tun kafin wani ɗan mishan ya zauna a ƙasar. Karatunsa na Alƙur'ani ya kai shi ga ɗaukaka Annabi Isa fiye da yadda sauran malamai za su lamunta. Aka nemi ya janye, ya ƙi. Wajajen 1867 aka tsire shi a kasuwar birni, almajiransa, waɗanda ake kira Isawa, suka watse, wasu suka nufi ƙasar Ningi. Ko za a kira shi Kirista? Da wuya, domin ba a yi masa baftisma ba, kuma da littafin Musulunci ya kafa hujja. Amma dai a kan Isa ya ba da ransa.

A ƙasar Sin kuwa, tuhumar da aka yi wa masu bin Almasihu daban ce. Kiristanci ya isa can tun 635, duk da haka bayan yaƙe-yaƙen da Ingila da Faransa suka ci Sin a ƙarni na 19, sai 'yan mishan suka riƙa yawo da kariyar gwamnatocinsu. Da boren 'Yan Dambe ya tashi a 1900, aka kashe dubban Sinawa Kiristoci a kan cewa 'yan barandan Turawa ne. A 2000 Fafaroma John Paul na Biyu ya ayyana shahidan Sin 120 waliyyai, 87 daga cikinsu 'yan ƙasa.

Malam Ibrahim kuwa ba shi da Baturen da za a jingina shi da shi. Sai a 1913 wasu daga zuriyar Isawa suka je wurin wani ɗan mishan, Likita Mila, a Zariya, suka karɓi Kiristanci, aka kafa musu ƙauye a Gimi. Ciwon barci ya yi musu mummunar ɓarna, ragowar suka koma Zariya, daga baya mishan ɗin ta tashi zuwa Wusasa a 1929.