Daga Tiga Zuwa Tukunya: Wa Ke Da Ikon Magana a Kan Miya?

A garuruwanmu na Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, hira iri biyu muka saba ji. Maza su zauna a gindin bishiya ko a teburin mai shayi suna zancen gwamnati da manyan kamfanoni. Mata kuwa, a wurin niƙa ko a hanyar dawowa daga kasuwa, suna zancen tsadar cefane. Sau da yawa mukan ɗauki hirar maza ita ce babba, ta mata kuwa ƙarama. Amma idan muka bi sawun tumatir ɗaya tak, tun daga gona har ya shiga miya, za mu ga ashe magana ɗaya ce ake yi. Za mu kuma ga cewa uwargida da ke tsaye a bakin murhu ta san wani abu wanda ya kamata a saurara.

RUWAN DA YA SAKE MIYARMU

Kakanninmu ba su dogara ga tumatir ba. Miyarsu ita ce kuka, kuɓewa, karkashi, yakuwa da taushe, daddawa ce kuwa take ba ta ɗanɗano. Asalin tumatir daga Kudancin Amurka yake, baƙo ne da ya zo ya zama ɗan gida.

Abin da ya ƙara masa gindin zama a wajenmu shi ne ruwa. Tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka gina madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji. Ta tare Kogin Kano, wanda ke gangarowa daga kudu ta cikin dajin Falgore. Daga Tiga aka ja manyan magudanai zuwa filayen Kadawa, Kura da Bunkure, sai noman rani ya bunƙasa. Matasan da dā suke tafiya cin rani birni suka sami aiki kusa da gida. Kasuwar Kwanar Gafan da ke kan hanyar Zariya ta zama wurin da manyan motoci ke lodin kwanduna zuwa Legas da sauran biranen kudu.

Ku lura, shawarar gina madatsa shawara ce ta masu mulki. Tun daga nan siyasa ta shiga tukunyarmu, ba ta kuwa fita ba har yau.

WATA UKU NA ARHA, WATA UKU NA KUKA

Tumatir yana son sanyin hunturu. Ana dasa shi bayan ɗaukewar damina, ya nuna da yawa daga Janairu zuwa Maris. A lokacin nan kowa ya kawo nasa kasuwa gaba ɗaya, farashi ya faɗi, wani lokaci kuɗin kwando da na mota su fi kuɗin abin da ke ciki. Da zafin bazara ya tsananta, furensa ya riƙa kakkaɓewa, sai kaya su yi wuya. Daga Mayu zuwa Yuli uwargida takan riƙe kuɗi a hannu tana juya 'ya'yan tumatir huɗu ko biyar a faranti.

Masana aikin gona suna ƙiyasta cewa wajen kashi 40 bisa ɗari na tumatirin da ake nomawa a Nijeriya yana lalacewa kafin ya kai bakin mai ci. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Ana jibga kwando bisa kwando, na sama ya matse na ƙasa. Tafiya daga Kano zuwa Legas ta kusa kilomita 1,000, cikin rana, ba wurin sanyaya kaya. Ga shingayen hanya da ke ƙara jinkiri da kashe kuɗi. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu 2023, kuɗin mota ya hau ƙwarai, kowane hawa kuwa a kan mai saye yake sauka.

KAMFANI A KADAWA

Domin maganin wannan asara ne aka yi murna sa'ad da kamfanin Ɗangote ya buɗe masana'antar sarrafa tumatir a Kadawa a 2016. An gina ta domin ta iya markaɗe tan 1,200 kowace rana. Idan babbar mota tana ɗaukar tan 30, watau motoci 40 ke nan kullum. Manoma suka ce kakarsu ta yanke saƙa.

Amma a wannan shekarar ce wata tsutsa ta afka wa gonaki. Sunanta a wurin masana Tuta absoluta, manomanmu kuwa suna ce mata Sharon. Ita ma daga Kudancin Amurka ta fito, ta ɓulla a Sifen a 2006, ta yi ta yaɗuwa har ta iso mu. Tana shiga tsakiyar ganye ta ci daga ciki, ta huda 'ya'yan, don haka feshin da aka saba yi ba ya kai mata sosai. Ɓarnar ta yi yawa har gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir a watan Mayu 2016. Masana'antar Kadawa ta rasa abin markaɗawa, ta tsaya. An sake buɗe ta a 2019, daga baya ta sake tsayawa.

A nan ne hirar gindin bishiya takan yi zafi. Wani ya ce kamfani ne ya so sayen kaya da arha. Wani ya ce manoma ne suka karya alkawari. Gaskiyar ita ce kowane ɓangare yana da abin da ke matsa masa. Injin babba yana bukatar kaya kullum a farashin da ba ya motsi, in ba haka ba hasara zai yi, gama yana gasa da markaɗaɗɗen tumatir mai arha da ake shigowa da shi daga ƙasar Sin. Manomi kuwa yana da bashin taki da iri da kuɗin makarantar yara. Ranar da dillali a kasuwa ya ba shi fiye da abin da kamfani zai biya, wa zai ga laifinsa idan ya karkata can? Sai an sami yarjejeniya wadda kowa zai ga ribarsa a cikinta, da iri mai yawan amfani, kafin irin wannan aure ya daɗe.

Gwamnati ma ta sa hannu. A 2015 Babban Bankin Nijeriya ya sa tumatirin gwangwani cikin jerin kaya 41 da aka hana masu shigo da su samun kuɗin waje daga bankuna, aka ɗage hanin a watan Oktoba 2023. A 2017 aka ƙara harajin shigo da markaɗaɗɗen tumatir daga kashi 5 zuwa kashi 50 bisa ɗari, da ƙarin dala 1,500 a kan kowane tan. Nufin shi ne a kāre manomin gida. Amma haraji shi kaɗai ba ya kashe tsutsa, ba ya gyara hanya. A 2024 tsada ta sake dawowa, har a birane wasu mata suka riƙa haɗa miya da karas ko kokwamba domin su rage tumatir.

MATAR DA TA CE YA YI ZAƘI

Yanzu bari mu je Legas, gama abin da ya faru can ya shafi kowace mace mai girki. A watan Satumba 2023 wata mata ta sayi gwangwanin Nagiko, na kamfanin Erisco Foods. Ta rubuta a shafinta na Facebook cewa ta ɗanɗana ta ji sukari ya yi yawa, ta kuma tambayi ra'ayin mutane. Dubbai suka amsa, gardama ta kaure, kalmomi suka yi kauri. Kamfanin ya kai ƙara, yana cewa an ɓata masa suna, an jawo masa hasara mai yawa. 'Yan sanda suka kama matar suka kai ta Abuja. A watan Mayu 2024 aka gurfanar da ita gaban Babbar Kotun Tarayya bisa dokar laifuffukan intanet, aka tsare ta kwanaki kafin a ba da belinta. Mutane da yawa a ƙasar suka yi fushi, wasu har suka yi kira a daina sayen kayan kamfanin.

Mu ba alƙalai ba ne, shari'a ta kotu ce. Amma akwai darasi biyu a nan.

Na fari, mai saye yana da haƙƙin faɗin abin da ya gani a kayan da ya saya da kuɗinsa. Sashi na 39 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin faɗin ra'ayi. Akwai hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993 domin kula da abinci da magani, akwai kuma hukumar tarayya mai kāre haƙƙin masu saye. Sashi na 24 na dokar intanet ta 2015, wanda aka sha kama mutane da shi, Kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa 'yancin magana, aka kuwa yi masa gyara a 2024. Kamfanin da ke da hikima zai ɗauki ƙorafin uwargida kamar kyauta, domin mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Na biyu, magana zarar bunu ce. Dā abin da aka faɗa a bakin rijiya a nan yake ƙarewa. Yau wayar hannu tana kai shi Kano da Legas kafin miya ta tafasa. Wannan wayar ce take taimakon manomi a Kiru ya ji farashin Legas kafin ya tsinke gonarsa, ita ce kuma take yaɗa jita-jita. Akwai bambanci tsakanin "na ɗanɗana na ji zaƙi" da "an ce yana kisa". Na farko shaida ce, na biyu ji-ta-ji-ta ce wadda za ta iya cutar da ma'aikatan da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

ABIN DA KE HANNUNMU

Ba mu ne muke yanka haraji ba, ba mu ne muke da injin Kadawa ba. Duk da haka ga abubuwan da kowane gida zai iya yi.

1. Mu tanadi na arha domin ranar tsada. A Fabrairu a sayi tumatir mai ƙwari, a wanke, a tsaga, a shanya ya zama kauɗa. Kada a baza shi a ƙasa ko a gefen titi inda ƙura da dabbobi ke bi. A yi ɗan gado na kara, a shimfiɗa tabarma mai tsabta, a rufe da raga saboda ƙuda. In ya bushe ƙayau, a adana a mazubi mai murfi inda laima ba ta kai. Haka ma tattasai da attaruhu.

2. Mu karanta jikin gwangwani ko leda. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. A duba jerin abin da ke ciki, gama wani tumatir ne zalla, wani kuwa gauraye ne da sukari da sitaci. Gwangwanin da ya kumbura ko ya yi tsatsa, a bar shi. Wannan aiki ne mai kyau ga yaranmu 'yan makaranta: Mama ta miƙa, yaro ya karanta mata.

3. Kada mu raina miyar kakanni. Kuka, zogale, yakuwa da kabewa suna gina jiki, tsutsar tumatir kuwa ba ta hana su. Gidan da ya iya miya iri shida, tsadar abu ɗaya ba ta tayar masa da hankali.

4. Manomanmu su haɗa kai. Akwatunan roba masu ramuka da ake jerawa bisa juna suna rage matsewar kaya ƙwarai, amma suna da tsada ga mutum ɗaya. Ƙungiya tana iya saye ko haya, tana kuma da murya wajen ciniki da kamfani. A nemi shawarar malamin gona kafin feshi, a kuma kiyaye kwanakin da aka rubuta a jikin magani tsakanin feshi da tsinka, domin yaran wani ne za su ci.

5. Sa'ad da masu neman ƙuri'a suka zo, mu yi musu tambayoyin tukunya. Yaushe za a yashe magudanan ruwa? Ina malaman gona? Me za a yi game da hanyar da muke fitar da kaya? Amsar waɗannan ta fi atamfa da sabulu daɗewa a gida.

A ƙarshe, maigida, in ka dawo daga hira da labarin Abuja, ka tambayi uwargida nawa ta sayi kayan miya yau, nawa kuma ta saya bara war haka. Lissafin da za ta ba ka zai nuna maka ko abin da aka faɗa a rediyo ya iso gidanka. Uwargida kuma, ki faɗi abin da kika gani da idonki, kika ɗanɗana da harshenki, ba ƙari, ba ragi, ba tsoro. Idan gidajenmu suka saba da irin wannan magana, yaranmu za su tashi sun iya faɗin gaskiya ga manya cikin ladabi, ƙasarmu kuwa tana bukatar irin waɗannan mutane ƙwarai.