Inuwa a Madadin Dutsen Kabari: Ƙasashen da Ke Binne Tokar Mamatansu a Gindin Bishiya

Wanda ya shiga kurmin Reinhardswald da ke arewa da birnin Kassel a ƙasar Jamus, zai iya daɗewa yana tafiya a wani sashe nasa bai san cewa a cikin maƙabarta yake ba. Babu katanga, babu jerin duwatsu masu rubutu, babu furanni a kan tudun ƙasa. Abin da ido ke gani shi ne dogayen itatuwa da busasshen ganye shimfiɗe a ƙasa. Sai mutum ya matsa kusa da wata bishiya sannan zai lura da ɗan allo, wanda kaɗan ya fi katin shaidar aiki girma, maƙale a jikin itacen, ɗauke da suna da ranar haihuwa da ranar mutuwa. 'Yan taku daga gindin, a ƙarƙashin ƙasa, akwai tulun da aka zuba tokar mai sunan.

A shekarar 2001 aka buɗe wannan sashe, kuma shi ne irinsa na farko a Jamus. Kamfanin FriedWald ne ke tafiyar da shi tare da ma'aikatan gandun daji. Tunanin ya samo asali ne daga ƙasar Suwizalan, inda wani mai suna Ueli Sauter ya fara shi a shekarun 1990. A yau akwai gomman kurmi irin wannan a faɗin Jamus, wasu na kamfanoni, wasu na hukumomin garuruwa. Ƙa'idarsu kusan ɗaya ce: a ƙona gawa, a zuba tokar a tulun da ke ruɓewa a cikin ƙasa, a binne shi a kusa da saiwar bishiyar da mamacin ko iyalinsa suka zaɓa, sannan a bar kurmi yadda aka same shi. Ba a yarda a kawo kyandir ko kayan ƙawa ba.

Matsalar kabarin da ba shi da mai kula

Abin da ya kai Jamusawa ga wannan hanya ya fi alaƙa da halin rayuwa fiye da son itatuwa. Sama da kashi 70 cikin ɗari na waɗanda ke mutuwa a ƙasar yanzu ƙona gawarsu ake yi. A mafi yawan jihohinta doka ta tilasta a binne tokar a maƙabarta mai izini, ba a yarda iyali su tafi da ita gida ba. Shi kuma kabari a can haya ake karɓa, galibi na shekara 20 zuwa 30, kuma wajibi ne dangi su riƙa sharewa da dasa furanni, ko su biya mai lambu ya yi musu. Dattijon da 'ya'yansa suka watsu garuruwa neman abinci ya san ba mai zuwa shara. Kurmi ya ɗauke masa wannan damuwa, domin ruwan sama da faɗuwar ganye su ne masu kula da kabarin. Bugu da ƙari, ana rubuta filin a rajistar filaye a matsayin maƙabarta na tsawon lokacin da zai kai shekara 99.

Irin wannan damuwa ce ta haifar da tsarin a Japan, ƙasar da ake ƙona gawar sama da kashi 99 cikin ɗari na mamatanta. A al'adarsu kabari na zuri'a ne. Ana tara tokar kakanni a ƙarƙashin dutse ɗaya, babban ɗa ya gaji kula da shi da biyan kuɗin wurin bauta. Da haihuwa ta ragu, ƙauyuka suka zama kufai, sai kaburburan da ba su da magaji suka yawaita, har hukumomi suka koma kwashe su. A 1999 wani malamin addinin Buddha mai suna Chisaka Genpo, na wurin bautar Shounji a garin Ichinoseki da ke lardin Iwate, ya samu izinin mayar da wani gefen tsauni maƙabarta. Maimakon dutse, sai a dasa ƙaramin itace mai fure daga cikin irin da ke tsirowa a yankin. Kuɗin da iyalai ke biya kuma ana gyara dajin da su. Suna kiran wannan jana'iza jumokuso, wato jana'izar bishiya, kuma ta bazu har cikin manyan birane.

Koriya ta Kudu, inda kaburbura suka cinye gefen tsaunuka masu yawa, ta bi sahu da hannun gwamnati. Dokar da ta amince da binne toka a gindin itace ta fara aiki a 2008, a shekara mai bi mata kuma aka buɗe kurmin tunawa na ƙasa a Yangpyeong, gabas da birnin Seoul.

Toka ba taki ba ce

Da 'yan kasuwa suka ga inda hankalin jama'a ya karkata, sai suka matso da abin cikin gida. Tun 1997 wani mai zanen kayayyaki ɗan Sifaniya, Gerard Moliné, ya ƙirƙiro tulu mai ruɓewa da aka sani da Bios Urn, wanda ake zuba toka a ƙasansa, a sa iri ko dashe a samansa. Yanzu akwai ire-irensa da dama a Turai da Amurka, ana sayar da su ta intanet, kuma tallarsu na yi wa mai makoki alkawari mai sanyaya zuciya, cewa mamacinsa zai zama bishiya.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Wutar da ake ƙona gawa da ita tana kaiwa zafin digiri 800 zuwa 1,000 a ma'aunin Salshiyas. A wannan zafi, duk abin da ke iya zama abincin shuka, musamman sinadarin naitirojin, ya riga ya bi iska. Abin da ke saura ƙashi ne, wanda ake niƙawa ya zama gari mai nauyin kilo biyu zuwa uku ga babban mutum. Mafi yawansa kalsiyam ne da fosfet, a yanayin da ba ya narkewa da sauƙi balle saiwa ta sha. Ga shi da gishiri mai yawa, ga kaifi irin na kanwa. A ma'aunin pH, wanda ke nuna tsami ko kaifin abu daga 0 zuwa 14, yawancin shuke-shuke sun fi jin daɗin ƙasa mai 6 zuwa 7, alhali wannan toka tana haura 11. Duk manomin da ya taɓa tula tokar murhu a gindin ƙaramin dashe ya san sakamakon: ganye ya yi rawaya, ya ƙone daga gefe, shukar ta tsaya cik.

Saboda haka masu sana'ar da suka san aikinsu ba sa barin saiwa mai tasowa ta haɗu da toka kai tsaye. Wasu tuluna hawa biyu ne, na sama cike da ƙasa mai kyau, domin dashe ya yi ƙarfi kafin saiwarsa ta sauka. Wasu kan gauraya tokar da takin gargajiya da abin da ke rage kaifinta, su bar haɗin ya kwana biyu kafin dasawa. Masana lambu kan ba da shawarar a yi amfani da kaɗan daga tokar, a baza ta a fili mai faɗi, a zaɓi dashen da ya riga ya kafu maimakon ƙwayar iri, kuma ya kasance daga itatuwan da suka saba da ƙasar wurin. Bayan haka sai ban-ruwa da tsaro daga dabbobi na shekara biyu ko uku. A kurmin Jamus matsalar ta zo da sauƙi domin itatuwan manya ne, amma ko can hukumar kare muhalli ta tarayya ta ba da shawarar a bar tazara tsakanin tulu da ruwan ƙarƙashin ƙasa, saboda burbushin ƙarafa masu guba da kan kasance a cikin toka.

Ma'anar wannan duka ita ce, bishiyar ba daga jikin mamaci take samun abinci ba. Masu rai ne ke rayar da ita. Idan kuwa ta bushe, abin kan zame wa iyali tamkar mutuwa ta biyu. Haka nan wanda ya dasa a bayan gida, ranar da aka sayar da gidan ko aka yi masa canjin wurin aiki, dole ya zaɓi tsakanin tumɓuke itacen da barinsa ga baƙon da bai san tarihinsa ba. Kurmi ma bai tsira ba, domin farin da ya afka wa Jamus daga 2018 zuwa 2020 ya kashe itatuwa masu ɗimbin yawa. Abin da ya bambanta kurmi mai rajista shi ne, idan bishiya ta faɗi akwai wanda yarjejeniya ta ɗora wa alhakin samar da madadinta.

Batun muhalli da na addini

Akwai kuma tambayar ko tsarin na kare muhalli kamar yadda ake tallata shi. Gaskiya ne yana rage siminti da dutse da fili, yana kuma hana sare kurmin da aka keɓe. Amma ƙonawar kanta tana cin iskar gas mai yawa, tana fitar da hayaƙin da ke ɗumama duniya. Wannan ne ya sa wasu ke neman wata hanyar. Tsohon babban limamin cocin Angilika na Afirka ta Kudu, Desmond Tutu, wanda ya rasu a Disambar 2021, an narkar da gawarsa ne da ruwan zafi da sinadari maimakon wuta, aka binne abin da ya rage a babbar majami'ar St George da ke birnin Cape Town. Ita kuwa Wangari Maathai ta Kenya, wadda ta kafa ƙungiyar Green Belt a 1977 ta kuma karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2004, ta bar wasiyyar kada a sare itace don yi mata akwatin gawa. Da ta rasu a Satumbar 2011, da gora da ciyayin ruwa aka saƙa akwatin, aka ƙona gawarta a Nairobi, mutane kuma suka yi ta dasa itatuwa da sunanta.

Addinai ba su zama ɗaya a kan lamarin ba. Musulunci ya haramta ƙona gawa, haka ma Yahudawa masu riƙo da tsohuwar koyarwa da cocin Otodoks. Cocin Katolika ya sassauta haramcin a 1963, amma a 2016 fadar Vatican ta fayyace cewa a ajiye toka a wuri mai alfarma, kada a watsa ta, kada kuma a riƙe ta a gida. A Nijeriya ƙona gawa baƙon abu ne ga Musulmi da mafi yawan Kirista. Jihar Legas ta yi doka a 2013, zamanin Gwamna Babatunde Fashola, wadda ta halatta shi ga wanda ya nema da kansa da kuma gawarwakin da aka rasa masu su, amma masu bin hanyar 'yan ƙalilan ne.

Abin da ya shafi gida

Ke nan batun toka ba zai zama damuwar mafi yawan mutanen ƙasar nan ba. Jana'izar Musulmi, da likkafani da ƙasa ba tare da akwati ba, ta riga ta cika yawancin sharuɗɗan da masu rajin muhalli a Turai ke nema a yau. Dasa itace da niyyar ladan ya kai ga mamaci ma ba sabon abu ba ne, malamai na lissafa shi cikin sadaka mai gudana, ko a makaranta aka dasa, ko a bakin hanya, ko a harabar asibiti.

Abin da ya rage shi ne ƙasar kanta. Matsalar da ta tura Jamus da Japan da Koriya cikin kurmi, wato birni na girma, fili na ƙarewa, magada na nisa, ta fara ƙwanƙwasa ƙofa a nan. Ma'aikacin da ya share shekara talatin a Abuja ya san maƙabartar Gudu, ya kuma san rabon da ya ziyarci kabarin mahaifinsa a garinsu. Koken cewa zaizayar ƙasa ta tone kaburbura, ko masu gine-gine sun ci iyakar maƙabarta, ba ya ƙarewa a garuruwa da dama. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora kafa maƙabartu da kula da su a wuyan ƙananan hukumomi, waɗanda sau da yawa ba su da taswirar filin balle kasafin katange shi. Layin darbejiya ko maɗaci a kewayen maƙabarta na riƙe ƙasa, yana nuna iyaka, yana kuma ba masu rakiyar gawa inuwa, amma ba zai hana katafila shiga ba idan babu takarda a bayansa.

Da na gaba ake gane zurfin ruwa. A Ichinoseki, malamin ya fara ne da neman izinin hukuma kafin a dasa itace ko ɗaya. A Reinhardswald, wa'adin shekara 99 da aka fara ƙirgawa daga 2001 zai ƙare ne a wajen 2100. Babu ko ɗaya daga cikin jami'an da suka sa hannu a takardar da zai ga ranar, kuma da yawa daga cikin waɗanda za su zo ziyara a shekarun ƙarshe ba a haife su ba tukuna. Amma idan sun zo, za su tarar da bishiyar a inda taswira ta ce tana nan, domin wani ma'aikaci a ofishin filaye ya shigar da ita rajista, waɗanda suka gaje kujerarsa kuma suka adana fayil ɗin.