Yadda A Ke Karanta Awon Matsin Iska A Injin Ƙaramin Jirgin Sama

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gefen filin jirgin sama na Zariya, inda aka kafa makarantar koyon tuƙin jirgi da gyaransa a shekarar 1964, ya ga ƙananan jirage masu farfela ɗaya suna tashi suna sauka. Kowannensu inji ɗaya tak gare shi. Direban mota in injinsa ya mutu sai ya gangara gefen hanya ya nemi inuwa, amma matuƙin jirgi ba shi da gefen hanya. Sabo da haka ne dokar Amurka, ƙasar da a ke ƙera yawancin irin waɗannan injuna, ta tilasta a binciki kowane jirgi sau ɗaya a shekara, na haya kuwa duk bayan awa 100 na tashi. Cikin wannan bincike akwai awon matsin iska na kowace silinda. Yau muna so mu bayyana wa masu karatu yadda a ke yin awon, da yadda ya kamata a karanta abin da ya nuna.

Kamfanoni biyu ne suka fi shahara da ƙera injunan nan, watau Lycoming na garin Williamsport a jihar Pennsylvania, da Continental na garin Mobile a jihar Alabama. Galibi injin na da silinda huɗu ko shida a kwance, rabi dama rabi hagu, iska ce ke sanyaya su maimakon ruwa. Cikin kowace silinda akwai fistin mai kai da kawowa, da zobba kewaye da shi waɗanda makanikai ke kira rin, da fulogi biyu, da bawul biyu, ɗaya na shigar da iska da fetur, ɗaya na fitar da hayaƙi. Ƙarfin inji ya dogara ga silinda ta riƙe abin da aka matse cikinta har wuta ta kama.

Ga yadda a ke awon. Da farko sai a ta da inji ya yi zafi, sa'an nan a kashe. Makaniki ya kwance fulogi ɗaya daga kowace silinda, ya juya farfela da hannu har fistin ya kai ƙololuwa, bawul biyun suna rufe. Daga nan sai ya ɗaura tiyo a ramin fulogi ya hura iska mai nauyin laba 80 bisa kowane inci murabba'i. Na'urar awon geji biyu gare ta, tsakaninsu akwai wata 'yar kafa wadda faɗinta bai wuce inci 0.040 ba a yawancin na'urori. Geji na fari yana nuna iskar da aka tura, na biyu yana nuna wadda silinda ta riƙe. In na biyun ya tsaya kan 72 sai a rubuta 72/80. Aikin na mutum biyu ne, ɗaya ya riƙe farfela da ƙarfi. Faɗin fistin na injin Lycoming O-320 inci 5.125 ne, watau iskar tana tura shi da nauyin da ya kai laba 1,650. In farfela ta kuɓuce tana iya karya ƙashin wanda ke gabanta.

To, wace lamba ce ta ci, wace ce ta faɗi? Littafin shawarwari na hukumar jiragen sama ta Amurka ya nuna in silinda ta zubar da fiye da rubu'in iskar, watau ta kasa 60/80, abin tuhuma ce, amma a sake ta da inji na aƙalla minti 3 a kuma aunawa. Kamfanin Lycoming ya ɗauki 70 zuwa sama lafiyayye, ƙasa da 65 alamar lalacewa da za a riƙa bibiya, ƙasa da 60 kuwa a yi tunanin cire silindar. Ya kuma so a gwama silinda da 'yan uwanta: bambancin laba 5 ba kome, amma in ya kai 10 zuwa 15 a bincika. Shi kuwa Continental tun 1984 ya bi wata hanya dabam. Kafin a auna injinsa sai a fara auna wata kafa ta gwaji da na'urar da za a yi aikin da ita, lambar da ta fito ita ce iyaka ta wannan rana, sau da yawa kuwa arba'in da 'yan kai ce. Ashe ke nan 55/80 faɗuwa ce a wani inji, a wani kuwa ba laifi.

Har wa yau lambar kanta ba ta tsayawa wuri ɗaya. Inji mai sanyi yakan ba da ƙasa da mai zafi, domin ƙarfe bai buɗe ya cike gurbinsa ba. Ɗan ɓarɓashin gawayi ko dalma daga fetur yakan maƙale a bakin bawul yau, gobe ya fita. Makanikai biyu sukan auna silinda ɗaya a yini ɗaya su sami lambobi dabam. Babban abin lura kuma shi ne, a tsaye a ke awon nan. Inji mai juyi 2,400 a minti yana juyi 40 ke nan a daƙiƙa, fistin kuwa yakan gama matsa iskar cikin kashi ɗaya daga 80 na daƙiƙa. Sa'ad da fetur ya kama wuta matsin yakan ninka na awo wajen sau goma, ya danna rin jikin bangon silinda ya toshe. Don haka 'yar yoyon da geji ya gani a ƙasa ba lalle ne ta rage ƙarfin jirgi a sama ba.

Abin da gwanin makaniki ya fi kula da shi shi ne inda iskar ke fita, kunne kuwa shi ne ma'auninsa. In ya ji shuuu a bakin bututun hayaƙi, bawul ɗin hayaƙi ne ba ya rufuwa sosai. In ta wajen kafireto ne, bawul ɗin shigar iska ne. In ya buɗe murfin baƙin mai ya ji a nan, ta gefen rin ta ke zurarewa. Sa'an nan ya shafa ruwan sabulu a kan silinda da wurin da kan ya haɗu da gangar. In kumfa ta taso, tsaga ce. Waɗannan huɗun hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Yoyon rin tsufa ne mai zuwa sannu a hankali, alamarsa shan mai da saurin baƙin mai, ana iya bibiyarsa. Tsaga kuwa, ko geji ya nuna 75, jirgi ba ya tashi da ita. Bawul ɗin hayaƙi da ya fara ƙonewa shi ne mugu, domin iska mai zafi tana bin kafar tana cin bakinsa, har wata rana ɓalli ya ɓalle a sararin sama.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. A 2003 kamfanin Continental ya sa a riƙa haɗa awon da leƙen cikin silinda da wani siririn madubi mai fitila wanda a ke zurawa ta ramin fulogi. Na zamanin nan kyamara ce ƙarama. Lafiyayyen bawul yakan nuna zane zagaye daidai wa daida, kamar da'ira cikin da'ira. Mai ƙonewa zanensa yakan karkace gefe ɗaya, sau da yawa da tabo kore a bakinsa, alamar wurin ya yi zafi fiye da kima. Kamfanin ya kuma umurta in lamba ta kasa amma madubi bai ga aibu ba, a tashi jirgin aƙalla minti 45 a dawo a sake aunawa tun yana da zafi.

Kuskure iri biyu ne mu ke jan kunne a kai. Na ɗaya, a cire silinda mai lafiya don lamba ɗaya ta rana ɗaya. Ban da hasarar kuɗi da zaman jirgi a ƙasa, cirewar kanta tana da hatsari, gama wasu daga cikin ƙusoshin da ke riƙe silinda su ne ke ɗaure gangar injin gaba ɗaya, in ba a mai da su da ƙarfin da aka ƙayyade ba, gyara ya zama ɓarna. Na biyu, a ga 70 a yi murna a rufe, alhali iskar da ta ɓace ta bututun hayaƙi ta fita.

Malaman makaranta da akawu ba baƙi ba ne ga wannan magana. Malami ba ya korar yaro don jarrabawa ɗaya, sai ya dubi makinsa na baya ya kuma nemi dalili. Akawu in lissafi ya ƙi daidaita, shafin da kuɗin ya zurare ya ke nema. Haka kowane inji ya ke da littafin tarihinsa, inda a ke rubuta awon kowace silinda da kwanan wata da yawan awoyi. Silindar da ta shekara uku tana kan 66 ta fi kwantar da rai bisa wadda bara ta ba da 78, bana 68. Muna roƙon samarinmu masu koyon wannan sana'a su rubuta abin da geji ya nuna ba ƙari ba ragi, su rubuta inda suka ji iskar na fita da abin da suka gani da madubi, sa'an nan su sa hannu. Matuƙi da fasinjansa ba su ga geji ba, sa hannun nan suka dogara gare shi. Allah ya kiyaye matafiya, ya ba masu gyara gaskiya da natsuwa, amin.