Sallamar Ma'aikaci da Hujja: Sauye-sauyen Dokar Ƙwadago a Nijeriya da Nauyin da Suka Ɗora wa Masu Ɗaukar Ma'aikata

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta yi bayani a kan wani sauyi da ya auku a dokar ƙwadago ta Nijeriya tun daga shekarar 2011, wanda har yau da yawa daga cikin masu kamfanoni da makarantu da asibitoci masu zaman kansu ba su farga da shi ba. A da, mai ɗaukar ma'aikata yana iya sallamar ma'aikacinsa ba tare da ya faɗi dalili ba, muddin ya cika wa'adin da ke cikin takardar ɗaukar aiki. A yau kuwa, kotu tana iya tambayarsa dalili, ta kuma nemi ya tabbatar da shi. Za mu duba asalin tsohuwar ƙa'ida, da yadda aka yi ta raunana, sa'an nan abin da ya wajaba a kan mai ɗaukar ma'aikata.

Tsohuwar Ƙa'ida

Nijeriya ta gaji dokar aiki ne daga Ingila, inda aka ɗauki dangantakar aiki a matsayin yarjejeniya tsakanin ubangida da baransa. Bisa ga wannan fahimta, ba a tilasta wa ubangida riƙe baran da ba ya so. Dokar Ƙwadago ta 1974 ba ta kauce wa wannan tafarki ba. Sashe na 11 ya tsara wa'adin sallama kawai: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata 3 yana aiki ba, mako ɗaya ga wanda bai kai shekara 2 ba, mako biyu ga wanda ya yi shekara 2 amma bai kai 5 ba, da wata ɗaya ga wanda ya yi shekara 5 ko fiye. Bugu da ƙari, sashe na 91 ya taƙaita ma'anar ma'aikaci ga leburori da akawuna, ya fid da manajoji da ƙwararru daga cikin kariyar dokar.

Kotun Ƙoli ta sha nanata wannan ƙa'ida. Alal misali, a wata shari'a ta 1993 tsakanin kamfanin Shell da wani ma'aikacinsa, ta tabbatar da cewa idan sallama ta dace da sharuɗɗan yarjejeniya, to niyyar mai sallamar ba abar dubawa ba ce. Ko da an karya yarjejeniyar ma, diyyar ba ta wuce albashin kwanakin wa'adi ba. Waɗanda suka tsira daga wannan su ne ma'aikatan da doka ce ta tsara sharuɗɗan aikinsu, kamar yadda shari'ar wasu malaman Jami'ar Legas ta 1985 ta nuna, inda Kotun Ƙoli ta mai da su bakin aiki.

Ɗaukakar Kotun Ma'aikata ta Ƙasa

An kafa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ne a ƙarƙashin Dokar Rikicin Ƙwadago ta 1976, domin ta riƙa warware saɓani tsakanin ƙungiyoyin ƙwadago da masu ɗaukar ma'aikata. Majalisar Ƙasa ta faɗaɗa ikonta da dokar 2006, amma a 2010 Kotun Ƙoli ta yanke cewa tun da Tsarin Mulki bai ambace ta cikin manyan kotuna ba, ba za ta karɓe hurumin Babbar Kotun Jiha ba. Wannan shi ya jawo Gyara na Uku ga Tsarin Mulkin 1999, wanda ya fara aiki a watan Maris na 2011.

Sashe na 254C da gyaran ya kawo ya yi abubuwa uku muhimmai. Na farko, ya keɓe wa kotun duk wata ƙara da ta shafi aiki, ko ta ƙungiya ce ko ta mutum ɗaya. Na biyu, ya ba ta hurumi a kan rashin adalci a harkar ƙwadago, da kyawawan ƙa'idojin aiki da duniya ta amince da su. Na uku, ya ba ta damar aiki da yarjejeniyoyin ƙwadago da Nijeriya ta rattaba wa hannu ta kuma amince da su, ko da Majalisa ba ta mai da su dokar ƙasa ba. Watau, takardar ɗaukar aiki ta daina zama ma'auni ɗaya tilo a gaban alƙali.

Tasirin Gyaran a Kan Sallama

Yarjejeniya ta 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1982, ta tanadi cewa ba a raba ma'aikaci da aikinsa sai da ingantaccen dalili da ya danganci ƙwarewarsa, ko halayyarsa, ko bukatun gudanar da kamfani. Nijeriya ba ta cikin ƙasashen da suka amince da wannan yarjejeniya, amma Kotun Ma'aikata ta ɗauke ta a matsayin shaidar abin da duniya ke gani kyakkyawar ƙa'ida. Da haka ne a 2015, cikin wata ƙara da aka kai bankin Diamond, ta yanke cewa sallama ba tare da ingantaccen dalili ba ta saɓa wa wannan ƙa'ida. A 2020 kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara, a shari'ar kamfanin Sahara Energy, ta tabbatar da diyyar albashin shekara 2 da aka ba wa wata ma'aikaciya. Idan aka gwada wannan da albashin wata ɗaya na tsohuwar ƙa'ida, za a ga girman asarar da ke jiran wanda ya yi sakaci.

Sai dai ya kamata mahalarta su lura cewa ƙura ba ta gama lafawa ba. Hukunce-hukuncen Kotun Ɗaukaka Ƙara ba su zo iri ɗaya ba, domin akwai waɗanda suka riƙe tsohuwar ƙa'ida. A 2017, cikin shari'ar bankin Skye, Kotun Ƙoli ta bayyana cewa ana iya ɗaukaka ƙara daga Kotun Ma'aikata a kan kowane hukuncin da ba na laifi ba. Amma Tsarin Mulki ya ce irin wannan ƙara tana tiƙewa ne a Kotun Ɗaukaka Ƙara. Saboda haka hanyar da Kotun Ƙoli za ta raba gardamar ƙunci gare ta. Mai hankali ba ya gina kamfaninsa bisa fatan ƙararsa ta faɗa hannun alƙalan da ke riƙe da tsohon ra'ayi.

Sauran Haƙƙoƙi na Doka

Duk ma'aikacin da ya kai ƙarar sallama, galibi yakan haɗa da neman haƙƙoƙin da aka tauye masa lokacin da yake aiki. Don haka ya dace a ambaci uku daga cikinsu. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta wajabta biyan kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin wata ga asusun NSITF, wanda shi ke biyan diyyar rauni ko mutuwa a bakin aiki. Dokar Fansho ta 2014 ta ɗaga gudummawar mai ɗaukar ma'aikata zuwa kashi 10, ta ma'aikaci kuma kashi 8, daga kashi 7.5 da kowannensu ke biya a dokar 2004. Ta kuma wajabta zuba kuɗin cikin kwana 7 na aiki bayan biyan albashi, tare da inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba. Albashi mafi ƙanƙanta kuwa, wanda aka fara da Naira 125 a 1981, ya kai Naira 30,000 a 2019, sa'an nan Naira 70,000 a 2024, aka kuma rage wa'adin sake duba shi daga shekara 5 zuwa 3. Wuraren aikin da ma'aikatansu ba su kai 25 ba ne dokar ta ɗauke wa wannan nauyi.

Abin da Ya Wajaba a Yi

A masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano, da kantunan Kwari, da makarantu masu zaman kansu, an saba ɗaukar mutum aiki bisa amana da sanayya, ba tare da rubutu ba. Amana aba ce mai kyau, amma ba ta tsayawa shaida a gaban alƙali. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta ba wa ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aikinsa kafin wata 3 su cika. Idan aka zarge shi da laifi, a ba shi takardar tuhuma, a saurari amsarsa, a rubuta abin da aka yanke. Idan gazawa ce, a yi masa gargaɗi a rubuce, a ba shi lokacin gyara. Idan kuwa rage ma'aikata ne ya zama dole, sashe na 20 ya nemi a sanar da ƙungiyarsu ko wakilinsu, a kuma fara da wanda ya shigo daga baya, bayan an duba ƙwarewa da riƙon amana. Dalilin da za a rubuta a takardar sallama lalle ne ya zama na gaskiya, domin duk wanda ya faɗi dalili, a kansa nauyin tabbatar da shi yake.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, ya bayyana cewa sauyin bai zo ta hanyar sake rubuta Dokar Ƙwadago ta 1974 ba. Ya zo ne ta hanyar gyaran Tsarin Mulki da hukunce-hukuncen kotu. Wannan shi ya sa wanda ya karanta dokar kaɗai zai iya zaton yana kan daidai, alhali ƙasa ta goce a ƙarƙashinsa. Muna ba da shawara ga Majalisar Ƙasa da ta shigar da sharaɗin ingantaccen dalili cikin dokar ƙarara, ta kuma faɗaɗa ma'anar ma'aikaci, domin kowa ya san matsayinsa tun kafin a je kotu. Haka nan, ya kamata sassan koyar da shari'a da na harkokin kasuwanci a jami'o'inmu su fassara waɗannan dokoki zuwa Hausa, domin mai masaƙa da mai makaranta su san nauyin da ke kansu. Kafin a kai ga haka, kariyar mai ɗaukar ma'aikata ita ce hujja mai inganci da rubutu mai kwanan wata.