Inji Ɗaya Ya Mutu a Sama: A Sauka ko a Ci Gaba?

 Yau maganarmu a kan shawarar da matuƙin jirgin sama yake yankewa cikin 'yan mintuna ce, idan inji ɗaya ya mutu masa yana tsakiyar tafiya. Jirgin fasinja na zamani ba ya faɗowa don ya rasa inji guda. Kafin a ba shi lasisi sai masu ƙera shi sun nuna zai iya tashi da sauka da injin da ya rage, kuma matuƙa suna yawan gwada hakan a na'urar horo. To amma wannan ƙarfin na jirgi shi ne yake yaudarar wasu, su ga ai komai na tafiya daidai, bari a ƙarasa. A ganina, mai jirgi mai inji biyu da ya rasa ɗaya ya nufi fili mafi kusa da zai iya sauka lafiya, ba tare da wani ciniki ba.

Dalilin shi ne matuƙi yana ganin alamar matsala ne kawai a allon gabansa, ba ya ganin tushenta. Injinan jirgi ɗaya mai iri ɗaya suke sha, iska ɗaya suke ratsawa, sau da yawa kuma hannun makanikai ɗaya ne ya taɓa su. A watan Mayun 1983 wani jirgin Eastern Air Lines mai inji uku ya tashi daga Miami zuwa Nassau. Baƙin mai ya ragu a inji ɗaya, matuƙan suka kashe shi, suka juya gida. Suna hanyar komawa sauran biyun suka mutu su ma. Da ƙyar suka sake tayar da wanda suka kashe da farko, suka sauka da shi. Bincike ya gano cewa makanikai sun manta sanya wasu 'yan zobban roba masu hana yoyo a dukkan injinan uku. Kuskure ɗaya ne ya ci su gaba ɗaya, sai dai bai ci su a minti ɗaya ba.

Mu a Najeriya mun ɗanɗana wannan da hawaye. Ranar 3 ga Yunin 2012 jirgin Dana Air samfurin MD-83 ya taso daga Abuja zuwa Legas. Rahoton hukumar binciken haɗurran jiragen sama, wanda ya fito a 2017, ya nuna inji na farko ya rasa ƙarfi minti 17 kacal bayan tashi. Abuja na bayansu, ba nisa, amma suka ci gaba. Suna dab da Legas na biyun ya bi sahu, jirgin ya faɗa unguwar Iju-Ishaga, dukkan mutum 153 da ke ciki suka rasu, har da wasu mazauna unguwar. Allah Ya jiƙansu. Cikin abubuwan da rahoton ya lissafa akwai rashin bin takardar matakan gaggawa da rashin sauka a fili mafi kusa.

Wani zai ce, ai hukumomi da kansu sun yarda jirage masu inji biyu su ratsa teku, nesa da kowane fili. Gaskiya ne. A da dokar Amurka ta taƙaita su ga tafiyar minti 60 daga filin sauka, a 1985 aka kai 120, daga baya 180, har Airbus A350 ya samu izinin minti 370. Sai dai wannan tsari, da ake kira ETOPS, yana auna iyakar nisan da jirgi zai iya yi daga fili ne tun lokacin shirya tafiya. Bai ba kowa izinin wuce fili mai kyau da inji ɗaya ba. Dokar ta Amurka a fili take: mai inji biyu ya sauka a filin da ya dace wanda ya fi kusa ta fuskar lokaci. Kuma inji ɗaya na tilasta wa jirgi ya sauko ƙasa-ƙasa inda mai ya fi ƙonewa, don haka lissafin da aka taso da shi ya riga ya rushe.

Mai inji huɗu kuwa doka ta bar masa ɗan sarari, kuma a nan gardama ta fi zafi. A Fabrairun 2005 wani Boeing 747 na British Airways ya rasa inji ɗaya jim kaɗan bayan tashi daga Los Angeles zuwa Landan. Matuƙan suka tuntuɓi kamfani, suka ƙetare Amurka da Tekun Atlantika da inji uku. Ba su isa Landan ba, suka sauka a Manchester saboda fargabar ƙarancin mai. Hukumar Amurka ta nemi cin tarar kamfanin, ta Birtaniya ta ce ba a karya doka ba, daga baya aka bar maganar. Na yarda suna da hujja a takarda. Amma tafiyar da ta ƙare da kiran gaggawa kan mai ta nuna yadda rarar tsaro ke zaizayewa sannu a hankali alhali kowane mataki yana kama da daidai.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ba kowane fili mafi kusa ne ya dace ba. Titinsa na iya zama gajere ga jirgi mai nauyin mai, ko hazo ya rufe shi kamar yadda ƙurar hunturu ke yi wa filayenmu na Arewa, ko babu motocin kashe gobara. Gaggawar ma tana kisa: a Kegworth ta Ingila a 1989 matuƙa sun kashe lafiyayyen injin bisa kuskure, mutum 47 suka mutu. Saboda haka kyaftin na da ikon wuce wani fili, ya ɗauki lokaci ya tabbatar wane inji ne ya lalace, ya zubar da mai idan jirginsa na da wannan damar. Abin da bai kamata ya shiga ma'aunin ba shi ne kuɗin otal na fasinjoji, ko inda makanikan kamfani suke, ko tsoron tambayoyin shugabanni. Wannan kuma nauyi ne a kan kamfanoni da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA: su tabbatar matuƙin da ya karkata jirgi don tsaro bai fuskanci ragin albashi ko tsangwama ba, ko da an buɗe injin daga baya an tarar matsalar ƙarama ce.