Filin Mata: Ɓarawon Gani Da Ba Ya Sallama

Yau zancenmu a kan wani ciwon ido ne da likitoci ke kira gilakoma, mu kuwa mukan ce hawan jinin ido, ko da yake ruwa ne ke hawa, ba jini ba. Irinsa da ya fi yawa a ƙasarmu ba ya zafi. Daga gefe yake fara cin gani, har mace ta riƙa tuntuɓe da turmi ba ta san dalili ba. Binciken makanta da aka yi a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cikin mutum 20 da suka kai shekara 40, kusan ɗaya yana da shi.

Kun san yadda tsakar gida kan cika da ruwa in rariya ta toshe. To, haka ido yake. Kullum yana yin ruwa, yana kuwa da 'yar rariyarsa. In ta toshe sai ruwan ya matse jijiyar gani, ta riƙa mutuwa kaɗan kaɗan.

Ciwon yana bin dangi, amma gādo kaɗai bai ƙare magana ba. Ƙwayoyin gādo kamar akwatunan da uwa ta bar wa 'yarta ne, wani a buɗe, wani a kulle. Jiki yana da waɗansu 'yan alamu da yake ɗora musu, su ne makullan, kuma sukan sāke da tsufa. Ilmin makullan nan shi ake kira efijenetik, sunan da wani masani na Ingila, Conrad Waddington, ya raɗa a 1942. Masana sun duba rariyar idon masu gilakoma, suka tarar an buɗe akwatin da ke sa nama tauri, an kulle mai hana shi.

A 2020 masana a Jami'ar Harvard ta Amurka suka sa wa ɓeraye masu ciwon ƙwayoyin gādo uku, makullan suka koma irin na ƙuruciya, gani ya ƙaru. Abin murna ne, amma fa ɓeraye ne. Abin da ke hannun likitocinmu shi ne maganin ɗigawa da aikin ido. Suna tsare ganin da ya rage, ba sa komo da wanda ya tafi.

Saboda haka, 'yar'uwa, in kin kai arba'in, ko wani naki ya makance da ciwon nan, je asibitin ido a auna ki, ki ja maigida ku tafi tare. Kada ki sayi maganin ɗigawa a kemis ba da izinin likita ba. Ki kuma kiyayi man shafawa na sa fari, don da yawansu akwai sinadarin sitiroid a ciki, shi kuwa yakan toshe rariyar ido.

Rigakafi ya fi magani. Allah ya bar mu da ganinmu, amin. Sai mako mai zuwa.