Manhaja mai ƴanci bisa kwamfutar hannu mai araha

1. Gabatarwa

A cikin wannan ɗan bayani za mu duba wata tambaya da ta shafi malamai da ɗalibai masu aiki a kan harsunan ƙasa: shin ana iya tafiyar da kwamfutar hannu mai araha da manhaja mai ƴanci zalla? Amsarmu ita ce ana iyawa, in dai an zaɓi injin da kyau tun kafin a saye shi.

2. Ma'anar kalma

Kalmar Ingilishi « free » tana da ma'ana biyu, waɗanda Faransanci ya raba: « gratuit » da « libre ». Hausa ma ta raba su, domin kyauta dabam, ƴanci dabam. Ta biyun ce Richard Stallman ya nufa sa'ad da ya sanar da shirin GNU a 1983, wato ikon yin aiki da manhaja, da nazarin rubutunta na asali, da canza shi, da rarraba ta ko an gyara ko ba a gyara ba. Saboda haka mun bar « manhajar kyauta », mun ɗauki « manhaja mai ƴanci ».

3. Inda matsalar take

Linux, cibiyar tsarin da Linus Torvalds ya fitar a 1991, tana da ƴanci. Amma galibi ana rarraba ta tare da wasu ƙananan manhajoji na kamfanoni, masu tayar da sassan inji, waɗanda ba a bayyana rubutunsu ba. Debian ma ta sa su cikin faifan girkawarta na hukuma tun daga 2023. Linux-libre ta kawar da su, kuma bisa ita aka gina Trisquel, wadda ta fito daga Sifen. Idan an kawar da su, matsala takan bayyana a wuri biyu.

Na farko shi ne katin wayfay. Yawancin na Intel da na Broadcom ba sa tashi sai da rufaffiyar manhaja. Wasu na Atheros kuwa, kamar AR9271 da ake sokawa ta kafar USB, suna aiki ba tare da ita ba.

Na biyu shi ne BIOS, manhajar da ke fara tashi da zarar an kunna inji. Shirin Libreboot, da aka soma a 2013, yana maye gurbinta a wasu injina ƙalilan, kamar ThinkPad X60 na 2006 da X200 na 2008. A X200 sai an buɗe injin an rubuta ta da wata na'ura dabam, aikin da ya fi dacewa da mai gyara. A injinan Intel na baya-bayan nan kuwa akwai sashen da ba ya ciruwa gaba ɗaya. Ke nan a wannan fage tsohon inji ɗan gwanjo ya fi sabo.

4. Abin da ya shafe mu

Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, suna cikin Unicode, amma ba sa bisa allon haruffan AZERTY da muka saba da shi. A tsarin GNU/Linux, jerin haruffan allo rubutu ne a fili, wanda za mu iya buɗewa mu ɗora kowane harafi inda muke so, sa'an nan mu raba wa ɗalibai ba tare da neman izini ba. Ban da wannan, Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin Windows 10 na yau da kullum a Oktoba 2025, kuma tsofaffin injina ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Irinsu ne ɗalibi mai ƙaramin ƙarfi yake iya saye, kuma a cikinsu yake ajiye rubutunsa da muryoyin da ya ɗauko a ƙauye.

5. Kammalawa

Tsohon inji ba ya da sauri, batirinsa kuma yakan gaji, amma ya isa ga rubutu da tsara ƙamus. Shawararmu ita ce mai saye ya tafi da Trisquel a cikin ƴar sandar USB, ya tayar da injin da ita a gaban mai sayarwa, ya gwada wayfay da sauti da allo kafin ya biya.